Canjin Rukuni a Kwamfuta Mai Jama'a da Yawa: Yaushe Yake Fara Aiki?

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa, in aka sa mutum cikin wani rukuni ko aka fitar da shi, kwamfuta ba ta aiki da canjin nan take. Za mu dogara da tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka cikin 1969, da kuma Linux da ya biyo sawunsa a 1991.

2.0 Yadda Abin Yake

Rukuni shi ne jama'ar da aka yardar wa su buɗe wasu fayiloli. Ana ajiye sunayensu a fayil ɗin /etc/group. Sai dai na'ura ba ta komawa wannan rajista duk sa'ad da mutum ya nemi fayil. Sau ɗaya take dubawa, watau lokacin da ya shiga da sunansa, sa'an nan ta liƙa wa aikinsa na farko jerin rukunansa. Duk aikin da ya fito daga wannan, jerin nan yake gada. Tun fitowar 4.2BSD a 1983 aiki ɗaya kan ɗauki rukunai da yawa a lokaci guda.

Alal misali, a ce jakada ya bar fadar Daura da takarda mai hatimi zuwa Ɓaure ko Zango. In aka sake shawara bayan tashinsa, takardar hannunsa ba ta canzawa, kuma ita hakimi zai karanta. Haka aiki mai gudana yake.

3.0 Abin da Ke Biyo Baya

Mu ƙaddara wata makaranta a Daura mai na'ura ɗaya da malamai ke tarayya a kanta. In an sa sabon malami cikin rukunin jarrabawa, zai tarar ƙofa a rufe har sai ya fita ya sake shiga, ko ya yi amfani da umarnin newgrp. Wannan ɓata lokaci ne kawai.

Haɗarin yana wajen fitarwa. Malamin da aka cire, muddin bai fita ba, yana nan da ikonsa na karanta tambayoyi da gyara maki, ko da an kwana an tashi. Mai kula da na'ura kuwa ya duba rajista, ya ga babu sunan, ya saki jiki. A Windows ma haka ne, domin lokacin shiga ake yanka wa mutum shaidarsa.

4.0 Kammalawa

Bisa ga wannan, muna ganin share suna rabin aiki ne. Wajibi ne mai kula ya tsayar da duk ayyukan wanda aka cire, ya kuma tabbatar babu wanda ya saura. Sai jakada ya dawo da takarda za a ce an karɓe iko.