HAƘƘIN MA'AIKACI NA HUTUN CIWO DA NA HAIHUWA

Tun ranar 1 ga watan Oktoba 1996, da garin Gombe ya zama babban birnin jiha, masu cin abinci da aikin albashi suke ta ƙaruwa a cikinsa. Ban da ma'aikatan gwamnati, ga masu aiki a injinan gyaran shinkafa da na matsar man gyaɗa, da gidajen burodi, da gidajen mai, da otel-otel, da kamfanonin ruwan leda. Da yawa daga cikinsu, musamman mata, suna zaton cewa ranar da ciwo ya kwantar da mutum, ko haihuwa ta zo, to albashi ya tsaya ke nan, in ma ba a sallame shi ɗungum ba. Wannan zato kuskure ne. Akwai doka a kan al'amarin, ta kuwa shafi mai aiki a Bolari ko Jekadafari kamar yadda ta shafi na Ikko ko Fatakwal.

Dokar ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a 1974 a matsayin dokar soja mai lamba 21, tana kuma aiki har yanzu cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. Waɗanda take nufi da ma'aikata su ne masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Manaja da likita da injiniya da ire-irensu, su takardar yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu, ko ƙa'idojin ma'aikatar da ta ɗauke su.

Idan ciwo ya kama ma'aikaci

Sashe na 16 ya ce za a biya ma'aikaci ladansa har na kwana 12 na aiki cikin shekara guda idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya ba da takardar shaida. Kwanakin aiki ake ƙirgawa, watau ba a sa ranakun da dā ma ba a aiki cikin lissafin. Wajen takardar nan ne mutane da yawa suke yin asara. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da mutum da damina, sai ya aika yaro kemis a haɗo masa magani, ya yi kwana biyar a ɗaka, ya koma wurin aiki hannu rabbana. Maganar mai kemis ba shaida ba ce a gaban doka, haka ma ta mai maganin gargajiya, kome saninsa. Lalle ne majinyaci ya je inda likita yake, kamar Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko asibitin kuɗi mai likita na gaske, ya roƙi takarda tun ran farko, ya kuma aika wa ubangidansa labari ba tare da jinkiri ba.

Shi ma ubangida doka ba ta bar shi haka ba. Yana da ikon neman ma'aikacin ya yarda wani likita da shi ubangidan ya zaɓa ya duba shi, wanda ya ƙi kuwa ya zubar da haƙƙinsa. Har wa yau, sashe na 19 ya nuna cewa tsurar albashi ake biya a kwanakin ciwo, ban da kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus.

Kada a gama wannan da raunin da aka ji a bakin aiki. Wanda inji ya datse wa yatsa, ko buhu ya faɗo masa a baya, maganarsa tana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa da kuɗin da masu ɗaukar ma'aikata suke zubawa, kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya. Ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo daga albashinsa domin wannan asusu.

Hutun haihuwa

Sashe na 54 shi ne ya kamata kowace mace mai aiki ta sani kamar yunwar cikinta. Idan likita mai rajista ya rubuta cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako 6, tana da ikon ajiye aiki daga ranar. Bayan ta sauka kuma, haramun ne a bar ta ta yi aiki cikin mako 6 na farko. A lura da bambancin: hutun gabanin haihuwa haƙƙinta ne, in ta ga dama ta ɗauka, na bayan haihuwa kuwa tilas ne, ko da ita ce ta nemi komawa don gudun kada a ba wata gurbinta. Mako 6 kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in ɗin jego da iyaye suka sani tun kafin a rubuta wata doka. Asalin wannan tsari yarjejeniya ce da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919, shekarar da aka kafa ta.

Game da kuɗi, matar da ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba a duk tsawon hutun. Alal misali, mai karɓar Naira 80,000 a wata a gidan burodi ba za a ba ta ƙasa da Naira 40,000 a wata ba. Rabin nan shi ne mafi ƙaranci. Ubangidan da ya biya cikakke bai karya doka ba, wanda ya rage ko sisi daga rabin shi ya karya. Amma dokar ba ta ɗora masa kuɗin awo ko na asibitin haihuwa ba, sai fa in ya yi alkawarin haka a rubuce.

Abin da ya fi kome nauyi a sashen shi ne hana kora. Ba a yarda a ba mace takardar sallama tana cikin hutun haihuwa ba, ba a kuma yarda a ba ta wa'adin sallama wanda zai cika tana cikin hutun ba. Wannan na biyun an sa shi ne don toshe dabarar masu miƙa takarda da zarar sun ga ciki ya tsufa. Kariyar tana binta ko da hutun ya zarce, idan likita ya shaida cewa ciwon da ya riƙe ta daga cikin ne ko daga haihuwar. Bayan ta koma aiki, mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu kowace rana domin ba da nono.

Gaskiya ce, wannan gwargwado ya yi kaɗan idan aka auna shi da na duniya. Yarjejeniya mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta nemi hutun da bai gaza mako 14 ba, da biyan kashi biyu cikin uku na albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar a ba jariri nono zalla har wata 6, abin da yake da wuya ga uwar da ta koma bakin inji ɗanta yana da kwana 42. Saboda haka gwamnatoci suka yi wa nasu ma'aikata ƙari. A aikin Gwamnatin Tarayya hutun haihuwa ba ya gaza wata 4 da cikakken albashi, sa'an nan a rage wa mai shayarwa sa'a 2 kullum har wata 6 bayan ta dawo. Jihar Legas ta mai da nata wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Ma'aikatan Jihar Gombe da na ƙananan hukumominta 11 suna bin ƙa'idojin aikin jiha ne, sai su nemi bayani a ofishin Shugaban Ma'aikata na jihar.

Uban jariri da sauran iyali

A watan Satumba 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga magidancin da aka yi wa haihuwa, aka kuma fitar da takardar umarni a watan Nuwamba 2022. Ana ba da shi sau ɗaya cikin shekara 2, har zuwa 'ya'ya 4. Wannan ya isa mutum ya tsaya wa maijego, ya yi hidimar suna ran bakwai, har ya rage. Ma'aikatan Tarayya kaɗai ya shafa. Dokar Ƙwadago ba ta ce kome ba a kan hutun uba, ko jinyar ɗa ko mahaifi, ko zaman makoki, ko takabar wata 4 da kwana 10. Ma'aikacin kamfani sai ya dogara da abin da aka rubuta masa, ko abin da ƙungiyar ƙwadagonsa ta daidaita da masu kamfanin, ko kuwa ya nemi hutunsa na shekara, wanda sashe na 18 ya ce ba zai gaza kwana 6 na aiki da biya ba bayan wata 12 ana aiki.

Shi ya sa takardar ɗaukar aiki take da muhimmanci. Sashe na 7 ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin a wuce wata 3 da farawa, har da zancen hutu da biyan kwanakin ciwo. Wanda aka tauye wa haƙƙi sai ya tattara wannan takarda, da ta likita, da shaidar albashin da aka saba biyansa, ya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke garin Gombe, inda jami'in ƙwadago zai kira ɓangarorin biyu don sulhu. In sulhu ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da ikon yanke hukunci, bisa gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010.