Doguwar tafiya a mota: yadda za a sauka ba tare da tsamin jiki ba

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce. Mota za ta bi ta Dosso, Dogon Dutse, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, matafiyi kuwa yakan wuni a zaune. Idan ya sauka, sai ya ji ƙafa ta sage, kwankwaso na ciwo, idon sawu ya kumbura. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan ramukan hanya. Ramuka suna da nasu laifi, amma babban dalilin shi ne zama wuri ɗaya ba motsi.

Ga yadda abin yake. Jinin da ya gangara zuwa ƙafa sai ya hau ya koma zuciya. Abin da ke tura shi sama shi ne tsokar sharaɓa, wadda ke bayan ƙwauri. Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, tsokar tana matse jijiyoyi, jini ya hau. In aka daɗe a zaune da gwiwa a lanƙwashe, tsokar ba ta aiki, sai jini ya taru a ƙasa.

Saboda haka ku motsa ƙafa ko kuna kan kujera. Ku kafa diddige ku ɗaga yatsu, sannan ku kafa yatsu ku ɗaga diddige, kamar sau 20, bayan kowane rabin awa. Kada ku cusa buhu ko jaka a gaban ƙafafunku. Ku sassauta ɗamara, ku naɗe zane ku tokare kwankwaso da shi. Duk inda mota ta tsaya, don salla ko cin abinci, ku sauka ku ɗan taka, ko da na minti 5 ne. Mai tuƙa motarsa kuwa ya tsaya bayan kowace awa 2.

Sai maganar ruwa. Akwai masu ƙin shan ruwa tun daga asuba, musamman mata, don gudun kada fitsari ya matsa musu a hanya. Uzurinsu a fili yake, domin ba kowace tasha ce ke da wurin kewayawa mai tsabta ba. Amma wuni guda ba ruwa cikin zafin watan Afrilu yana jawo ciwon kai da kasala. Gara a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Tsamin jiki yakan wuce bayan kwana ɗaya ko biyu. Abin tsoro shi ne jini ya daskare a cikin jijiyar ƙafa. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin yana ninkawa idan tafiyar zaune ta kai awa 4. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi samun mace mai ciki, mai jego, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, tsoho, mai ƙiba, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan.

Idan ƙafa ɗaya kawai ta kumbura, tana zafi da ciwo, ko da bayan kwanaki da tafiyar, kada a murza ta, kada a yi mata tausa. Gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu. A je asibiti a ranar. In kuma numfashi ya yi wuya ko ƙirji na suka, a kai mutum nan take, ko da tsakar dare ne.