Gwangwani ɗaya, gida biyu

Tsakanin Boɗinga da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci, amma a cikin garin akwai wani ɗan'uwana da ke haɗa ruwan teku da hannunsa duk lokacin da ya yi ƙyanƙyasa. Sana'arsa ke nan, fitar da 'ya'yan tarwaɗa yana sayar wa masu kiwo. Ɗan tarwaɗa idan ya fito daga ƙwai yakan yi kamar kwana uku yana rayuwa da gwaiduwar da ke maƙale a cikinsa. Da ta ƙare sai ya buɗe baki, bakin kuwa bai isa ɗaukar abincin buhu ba. Abin da ake ba shi a wannan gaɓa shi ne atimiya, wata mitsitsiyar halitta dangin jatan lande da ke rayuwa a tafkunan gishiri. Busasshen ƙwanta ake sayarwa a gwangwani, wanda ya fi suna shi ne na babban tafkin gishirin jihar Yuta a Amurka, kuma tun shekarun 1930 masu kiwon kifi suka gano amfaninta. Giram ɗaya na wannan gari mai ruwan ƙasa yana ɗauke da ƙwai sama da 200,000.

Aikin ba shi da wuya a ido. A yanke gindin gorar roba a kife ta, a zuba ruwa, a narka gishiri giram 25 zuwa 30 a kowace lita, a barbaɗa ƙwai kamar giram 2, a saka siririn tiyon iska har ƙasa, a kunna ƙwan lantarki a kai. Bayan awa 24 ruwan ya koma ja-ja, in ka haska tocila a gefe sai ka ga ƙura mai rai tana tururuwa zuwa wurin hasken.

Gwangwanin yana da tsada, don haka shi da yayansa, wanda ke irin wannan sana'a a Shagari, suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya suka raba. Wannan rabon shi ne ya warware maganar daga baya.

A cikin zafin Afrilu abin ya fara. Atimiyar Boɗinga ta riƙa fitowa kaɗan, wadda ta fito ma ba ta zuwa wurin haske. Sai ta yi ta fizge-fizge tana juyi wuri ɗaya, kafin la'asar ta kwanta a wuyan gora. 'Ya'yan kifin da ke bahon ciki su ma suka soma: ɗan kifi ya zabura ya yi sama, ya yi katantanwa, ya juya ciki. Kowace safiya ana kwashe matattu da rariya. Manyan tarwaɗan da ke tafkin siminti na waje kuwa ko a jikinsu, suna ta rububin abinci.

Farkon wanda aka tuhuma gwangwani ne, don shi ne baƙo. Ɗan'uwana ya kira yayansa rai a ɓace.

"Yaya, kayan ga da mun ka saye sun lalace."

"Wane kaya? Nawa na nan shina fita lahiya lau. Taho ka gani."

Daga Boɗinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, wadda ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Muka je, muka ga gorunan yayan jajir da rai. Ƙwai ɗaya, gwangwani ɗaya. Aka wanke mai sayarwa daga zargi.

Sai aka koma kan gishiri. Wani ya ce ai gishirin leda akwai sinadarin aidin a ciki, shi ke kashe su. Gaskiya ne tun farkon shekarun 1990 doka ta sa ake zuba aidin a gishirin ci a Najeriya saboda maƙoƙo, amma yayan ma da shi yake aiki, buhu iri ɗaya. Wani dattijo ya ba da shawarar a gwada kantun Bilma. An gwada don girmamawa, ruwan ya yi dauɗa, mutuwa ba ta fasa ba.

Zafi ne ya fi kama da mai laifi, kuma yana da nasa kason. Atimiya ta fi son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 28. In ya haura 33 ƙwai da yawa ba sa fashewa. Ɗakin ƙyanƙyasar Boɗinga rufin kwano ne ba silin, a watan da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 a inuwa. Da aka tsoma ma'auni cikin gora da azahar sai ga 35. Na yayan kuwa ɗakin ƙasa ne mai rufin azara. Ga kuma wata matsala da zafi ke jawowa: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Lita ɗaya a digiri 25 tana ɗaukar kamar miligiram 8, a 35 ta sauka zuwa 7, gishiri kuma ya ƙara rage ta. Aka mayar da gorunan soro, aka naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara, aka haɗa injin iska da batir don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da shi. Kowa ya ce an gama.

Washegari ƙwai ya fashe da yawa, ruwan ya yi launin da ake so. Kafin magariba duk sun kwanta.

A nan ne maganar ta fara karkata zuwa inda irin wannan magana ke karkata a wurinmu. Aka tuna wani maƙwabci da ya leƙo ɗakin ya ce "kai, kifi ya yi albarka" bai ce tubarkalla ba. Ban raina tsoron baki ba, amma na lura yakan zo daidai lokacin da mutum ya gaji da bincike, kuma maƙwabci ne ke biyan kuɗin gajiyar. Yayan ne ya kashe zancen. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, a bar mutane a tambayi ruwan.

Wani abokinsu da ya karanta kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zo da 'yan kwalaben gwaji. Ya ɗiga magani a ruwan gora ya gwada launi da kati. Ma'aunin pH ya nuna 8 da ɗoriya, daidai yadda atimiya ke so. Amoniya, wadda kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa, kuma dafinta ke ƙaruwa da zafi, ba ta kai ta kashe komai ba. Kulorin babu, tunda ba ruwan famfo ba ne, na rijiyar burtsatse ne da ke cikin gidan. Duk abin da kwalabensa suka iya gani lafiya yake. Sai dai ya faɗi wata magana da ta yi amfani: kayan gwajin nan abu huɗu ko biyar kawai suke gani, guba kuwa ta fi dubu. In ana son sanin ko ruwa na kisa, a ba wa mai rai ya sha.

Aka ɗebi ruwan Boɗinga a jarkoki biyu sababbi aka kai Shagari. Ɗaya daga bakin tiyon rijiya kai tsaye, ɗaya daga shuɗin duron da ake tara ruwa ya kwana kafin a yi aiki da shi. Kwanan nan da ruwa ke yi wajibi ne, don ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito ba iska a cikinsa. Yayan ya jera gora uku a ɗakinsa, gishiri ɗaya, ƙwai ɗaya, injin iska ɗaya: ta ruwansa, ta rijiyar ƙanensa, ta duro. Biyun farko suka rayu. Ta duro ta mutu, da irin fizgar nan.

Nan take aka gane dalilin lafiyar manyan kifin waje. Ba ƙarfinsu ba ne kawai, su tiyo ke kai musu ruwa daga rijiya, ba sa shan na duro. Gorunan atimiya da bahon jarirai ne kaɗai ke sha daga gare shi.

To me ke cikin duro? Ya daɗe a gidan, an yi ƙyanƙyasa da yawa da shi lafiya, don haka ba abin da aka taɓa zubawa a ciki tun asali ba ne. Yana ƙarƙashin dogon yaro, ganyensa kuwa yana da ɗacin da ke korar ƙwari, amma bakin duron a rufe yake da raga, ganye ba ya shiga. Abokin nasu ya zargi kan famfon da aka sa a gindin duron, mai ruwan tagulla. Zargin yana da tushe. Masu ajiye kifin teku a akwatin gilas a Turai da Amurka sun san wannan sarai: maganin kifi mai jan ƙarfe yakan bar kifin da rai ya share jatan lande da dodon koɗi da murjani. Da ma can da sinadarin jan ƙarfe aka riƙa kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a magudanan ban-ruwa.

Wannan ya ba yayan dabara. Ya aiki yara bakin dam ɗin Shagari suka tsinto ƙananan dodon koɗi, ya gargaɗe su kada su shiga ruwan, su ɗebo da gwangwani. Ya zuba su a kwano da ruwan duro. Ya kuma kamfato tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin ruwa daga wata tsohuwar taya ya zuba a wani kwanon mai ruwan duron. Dodon koɗi suka kwana suna yawo a gefen kwano hankali kwance. Ƙwarin ruwa suka mutu, tsutsar sauro mafi yawa ta bi su. Da jan ƙarfe ne, da dodon koɗi ne farkon tafiya. Abin da ke kashe masu ƙafafu da gaɓoɓi, ya kashe jariran kifi, ya ƙyale dodon koɗi, ba ya wuce maganin ƙwari. Atimiya kuwa, duk da juriyarta ga gishirin da ba mai iya zama cikinsa, jijiyoyinta irin na ƙwaro ne.

Aka koma Boɗinga aka bincike gidan. Ba a yi feshi ba, ba a kunna maganin sauro a ɗakin ba, babu kwalbar fiya-fiya, bokitan ba su taɓa zuwa gonar albasa ba. Muna tsaye gaban duron ana ta lissafi, sai yayan ya sa hannu ya shafa ragar da ke bakinsa. Fara ce sol, an ninka ta huɗu an ɗaure da roba, tsakiyarta ta lotsa ta nutse cikin ruwan, tiyo na zuba ta kanta. A cikin ninkin akwai matattun ƙudaje da tururuwa. Ya juya gefe sai ga ɗinkakken madauki, irin wanda ake rataya wa a ƙusa.

Ya kira ɗan ƙanwarsu da ke taya aikin.

"Kai, ina tsohuwar ragar da ta nan?"

"Ta yage, Kawu. Kwaɗi sun ka riƙa faɗawa ciki."

"Wagga hwa, ina ka samo ta?"

"Inna ta ba ni. Cikin waɗanda an ka raba gida-gida, ba a ko buɗe ledarta ba."

Gidan sauro ne mai magani, sabo fil. Irin waɗannan ana sarrafa zarensu da magungunan dangin firetiroid, kamar deltametirin ko fametirin, waɗanda aka kwaikwayo daga dafin wani fure da ake nomawa a Kenya. Suna kama jijiyar ƙwaro su hana ta hutawa, shi ya sa ake ganin fizga kafin mutuwa. An yi su ne su jure wanki 20 da kimanin shekara uku, wato maganin yana fitowa saman zare a hankali, a wanke wani ya sake tasowa. Ga mutum wannan ba abin tsoro ba ne, jikinmu yana narkar da shi da sauri, kuma a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ragar nan ta ceci yara ba adadi. Kifi ne ba ya iyawa: yana zuƙar maganin ta hanyar numfashinsa, jikinsa kuma ba ya saurin fitar da shi, har abin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan yakan isa. Shi ya sa ake cewa kada a wanke gidan sauro a rafi ko tafki, shi ya sa kuma masana ke kuka da masuntan tafkin Tanganyika da na Biktoriya da suka mayar da shi koma. Abin haushin, sauron arewacin Najeriya da aka yi maganin dominsa ya fara sabawa da shi. 'Yan tsutsar da suka tsira a kwanon yayan wataƙila jikokinsa ne.

Saura tabbatarwa. Aka yanki ƙyallen ragar kamar tafin hannu aka jiƙa a ruwan Shagari mai lafiya, aka ƙyanƙyashe atimiya a ciki, gefe guda ga gorar da ba a sa mata komai ba. Ta ƙyallen ta kwanta, ɗayar ta rayu.

Cire ragar bai wadatar ba. Irin wannan magani ba ya son ruwa, ya fi son manne wa roba, don haka ko bayan wanki da sabulu ruwan duron bai daina taɓa atimiya ba. Dole aka sauke shi daga aiki, tare da tiyon da bahon jarirai, aka ba masu bulo. Sabon duro aka rufe da ragar taga ta kasuwa wadda ba magani, aka ɗaure ta tamau yadda ba za ta taɓa ruwa ba. Zubin da ke baho a lokacin bai tsira ba, sai na bayansa, kuma gorunan sun ci gaba da zama a soro har damina ta sauka. Ragowar gidan sauron, yaron ya kai wa tela ya toshe inda aka yanka, ya mayar wa Inna.