Ziyara A Ɗakin Ajiyar Ƙwari Na Samaru

A daminar bara na sauka Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, na tarar da wana cikin baƙin ciki. Masararsa ta kai gwiwa, amma ganyenta duk ya huhhuje, kuma in ka leƙa cikin tsakiyar kowace sai ka ga wani abu kamar dusar katako. Sau uku yana sayo magani a kasuwa yana fesawa, kuɗin da ya ajiye na taki ya tafi, tsutsa kuwa tana nan. Da zan taso sai ya miƙo mini wata 'yar kwalba, ya ce, "Kai da kake yawan zuwa Zariya, kai musu wannan su gani. Ga tsutsar, ga kuma uwarta." Abin da ya kira uwarta wani siririn ƙwaro ne mai almakashi a wutsiya, wanda yake yawan samu tare da ita a cikin masarar.

Wannan kwalba ita ta kai ni Samaru. Ba Samarun Kataf da ke kusa da Zonkwa nake nufi ba, Samarun Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take. An kafa tashar tun 1922 a ƙarƙashin Ma'aikatar Gona ta Lardunan Arewa, sa'an nan aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A Sashen Kare Amfanin Gona akwai ɗakin ajiyar ƙwari, inda ɗalibai da masu bincike daga jihohi da dama sukan kai abin da suka kamo domin a gaya musu sunansa na haƙiƙa.

Wanda ya je da zaton zai ga irin gidan tarihin da ake jera takubba da sulke, to, zai sha mamaki. Abin da zai fara tarbarsa shi ne warin kafur. Sa'an nan ga kabad-kabad masu aljihuna, kowane aljihu da murfin gilashi, a ciki kuwa ƙwari ne sahu-sahu, an soke kowanne da siririyar allura an busar da shi. Ga fara da babe, ga gyare, ga buzuzu da hangara, ga rina da zanzaro, ga malam-buɗe-littafi an shimfiɗa masa fukafukai. Masu taushin jiki, irin su tsutsa, ba sa jure allura, sai a jiƙa su cikin kwalabe da ruwan sifirit. Kafur ɗin nan kuwa dalilinsa abin dariya ne: akwai wasu ƙananan ƙwari da abincinsu shi ne busassun 'yan'uwansu, in aka yi sake sai a buɗe aljihu a tarar da allurai da gari.

Amma ni abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne 'yar takardar da ke ƙarƙashin kowane ƙwaro, wadda ba ta fi farce girma ba. A kanta ake rubuta garin da aka kama shi, da ranar, da wanda ya kama, wani lokaci har da shukar da aka same shi yana ci. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani ga masu bincike, kome kyaunsa. Da ita ce ake sanin cewa wannan ɗan ƙasa ne, kakanninmu sun san shi, wancan kuwa baƙo ne, babu irinsa a aljihunan da aka cika shekaru hamsin da suka wuce.

Tsutsar wana tana cikin baƙin. Da aka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma aka nuna mini alamunta biyu: wani zane a goshinta kamar harafin Y a kife, da ɗige huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma a farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya, kafin shekaru biyu ta game yawancin ƙasashen kudu da Sahara. Ba ita ce tsohuwar tsutsar nan mai huda kara da manoman dawa suka saba da ita ba. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, na dare, wanda yakan zuba ƙwai ɗari ko fiye a wuri guda bisa ganye. Tana ƙarama ake iya cin ƙarfinta. In ta girma ta shige can cikin tsakiyar masara ta rufe kanta da kashinta, maganin da aka watsa bisa ganye da tsakar rana ba ya isa gare ta.

To, wanda ake tuhuma da haihuwarta fa? Ashe tsatso ne, kuma abin da yake kai shi cikin masara shi ne ƙwan tsutsar da 'ya'yanta ƙanana, su yake ci. Watau duk feshin nan uku da wana ya yi, ya fi samun mai taimakonsa bisa ga ɓarawon.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan kuskure na manomin ƙauye ne kaɗai. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya auka wa rogo a Afirka, masana suka yi ta neman abokin gabansa a wuraren da ba nan ne mahaifarsa ba, domin an ɗauke shi a matsayin wani ɗan'uwansa mai kama da shi. Sai da aka rarrabe su, aka gano shi a ƙasar Faragwai a 1981, aka kawo wata 'yar ƙaramar rina mai kashe shi, aka sake ta a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, sa'an nan rogo ya farfaɗo. A nan Arewa ma dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar nan mai kuturtar da gyaɗa ta lalata wajen hekta 700,000. Mai yaɗa ta wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero ba.

Mutanen kudancin Kaduna kuwa sun fi kowa sanin tsando, mai jawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Shi ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai zama cikin kurmin bakin rafi, akwai mai bin dajin fili inda namun jeji suke. A aikin Anchau na shekarun 1930 da 1940, wanda ya haifar da sabon garin Takalafiya, sanin wannan bambanci ne ya sa aka tasam ma sare kurmin bakin rafuka maimakon a ce za a share daji duka.

Abin da na dawo da shi a rai shi ne nisa. Daga Zonkwa sai mutum ya bi ta Kachia ya shiga Kaduna, sa'an nan ya kama hanyar Zariya, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ƙaramin manomi. A ganina babu abin da zai hana makarantar aikin gona ta Samarun Kataf, ko wata a Kafanchan, ta ajiye aljihu goma na ƙwarin masara da dawa da wake da citta na wannan yanki, kowanne da sunansa na boko da na Hausa da na Jju da Tyap, yadda malaman gona za su riƙa nuna wa jama'a ran kasuwa. Allura da gilashi da kafur ba su da tsada. Mai tsada shi ne mutumin da zai zauna ya koyi rarrabe su.

Kafin a kai ga haka, wanda zai aika da ƙwaro Samaru ya sa shi cikin kwalba mai murfi, tsutsa a zuba mata sifirit, ya rubuta da fensir garin da ranar da shukar da ya same shi a kai, domin tawada takan narke. Wana dai bana tun masara tana ganye huɗu yake zaga gonar da sassafe, yana murƙushe ƙwan da hannu, in ya ga tsatso sai ya bar shi a wurinsa.