Auren da aka ɗaura a kan dutse

Duk wanda ya taɓa zama a kan falalen dutse a wajen Maradun ya san wani dabbare-dabbare, ruwan toka ko ruwan ɗorawa, mai kama da kyasbi a wuyan yaro. Ka sa farce ka kankare, ya ƙi ɓantaruwa, sai dai ya marmashe. Yawancinmu kashin tsuntsu muke ɗaukarsa. Alhali kuwa rai gare shi, masana na kiransa laikin.

Gida ne na mata da miji. Wata 'yar'uwar funfunar da ke fito wa tuwo in ya kwana biyu, ita ce a matsayin maigida: ta kama dutse, ta yi rufi, ta tara raɓa. Gansakuka kuwa, dangin koriyar nan ta magudanan noman rani na Bakura, ita ce uwargida: tana ciki a lulluɓe, tana girki da hasken rana, kowa ya ci. Raba su, ka ga wanda zai kai labari a kan dutse cikin zafin bazara. Da wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya faɗi haka a 1867, 'yan'uwansa masana ƙaryata shi suka yi.

Gane laikin ba wuya. Gansakuka zalla santsi gare ta, sai inda ruwa ke kwanciya. Shi ko a bushe yake, ba saiwa, ba fure. Wani ya lafe kamar fenti, wani bakinsa ya ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunya. Yayyafa masa ruwan buta da hunturu, kafin ka gama alwala za ka ga ya yi taushi, mai ruwan tokar ya soma kore. Uwargida ta hura wuta ke nan.

Ba ya gaggawa. Irin mai lafewa da ƙyar yake ƙara milimita ɗaya ko biyu a shekara, don haka mai faɗin faifai zai iya girme wa madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Abin da ba ya jurewa shi ne hayaƙi, shi ya sa ya fi son daji a kan bakin tasha.

In hanya ta bi da kai ta Talata Mafara ka ci karo da shi, kada ka kankare. Gidan wasu ne, kuma sun riga ka zuwa.