Ma'aunin iskar taya: wane iri ya kamata a saya wa motar rairayi?

Manomi ba ya sayar da gero sai da tiya. In ya kai wake ko gyaɗa kasuwa, ba ya yarda a ce masa an kimanta da ido. Sai an ɗora buhu bisa sikeli, ya karanta lamba da kansa. Iskar da ke cikin tayar mota ita ma ana auna ta. Tana da nata ma'auni, ɗan ƙarami, mai shiga aljihu. Amma a tasha da yawa har yanzu da ƙafa ake awo. Karen mota ya shuri taya, ko ya buga mata ƙarfe ya saurari ƙara, ya ce ta yi.

Wani zai ce: mi ya haɗa ni da wannan magana, ni da ba ni da mota? To, a duba. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa tana da godoro. Wanda ya bar ta ya nufi ƙauyukan arewacin Dakwaro, ko Tasker can bayan Gure, ko mashekaran makiyaya na wajen Cintabaraden, rairayi zai taka. Nan sai kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu. Ita ce motar kasuwa. Ita ce motar likita mai ɗauko mace mai doguwar naƙuda. In ta kafe awa uku da rana tsaka, ko taya ta fashe tana cikin gudu da mutane cike a baya, ba mai mota kaɗai abin ya shafa ba.

Don mi ake rage iska cikin rairayi?

A dubi raƙumi da jaki. Tafin raƙumi faffaɗa ne, in ya taka sai ya baje, shi ya sa ba ya nutsewa. Kofaton jaki ƙarami ne, mai tauri, sai ya lume. Tayar da aka cika tam kamar kofaton jaki take. Tana tona rami, mota ta zauna bisa cikinta. In an rage iska, wurin da ke taka ƙasa ya ƙara tsawo, nauyi ya rabu, mota ta bi saman rairayi.

Bisa godoro, kat-kat da yawa suna son iska tsakanin kilo 2 da kilo 3, wasu fiye da haka in sun yi lodi. Cikin rairayi mai laushi shoferori suna saukowa wajen kilo 1 da rabi, wani lokaci har kusa da kilo 1. Mota mai kaya da yawa ba ta jimre saukowa ƙasa sosai.

Ga inda hatsari yake. In iska ta yi yawa, mota ta kafe. In ta yi kaɗan ƙwarai, bakin taya yana iya zamewa daga ƙarfen da take zaune a kai, iska ta fita gaba ɗaya. In mai robar ciki ce, taya ta murɗe, ta tsinke bakin iska. Tsakanin iskar da ta yi daidai da wadda ta yi kaɗan, ratar ba ta kai rabin kilo ba. Ido ba ya ganin wannan rata, ƙafa kuma ba ta jin ta. Tayoyin yanzu masu waya ciki, ko cike suke gefensu yana ɗan yin tumbi. Mai kilo 2 da rabi da mai kilo 2 kusan kama ɗaya gare su.

A fara da karanta lamba

Kafin a saya, a san da wane harshe ma'aunin ke magana. Akwai ƙidaya uku da ake gani.

Ta farko ita ce wadda masu gyaran taya ke kira kilo. Bisa ma'auni ana rubuta ta bar ko kg/cm². Su biyun kusan ɗaya ne. Lambobinta ƙanana: 1, 2, 3, 4. In an ga 2,5 ana nufin kilo 2 da rabi.

Ta biyu ita ce PSI, ƙidayar Amurka da Ingila. Kayan da ke shigowa ta Najeriya yawanci ita ke gare su. Kilo 1 daidai yake da PSI 14 da rabi. Ke nan kilo 1 da rabi ya kama wajen 22, kilo 2 ya kama 29, kilo 2 da rabi ya kama wajen 36.

Ta uku ita ce kPa. Lissafinta da sauƙi: 100 shi ne kilo 1, 250 shi ne kilo 2 da rabi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ga 30 bisa ma'aunin PSI, ya ɗauka kilo 3 ne. Ba haka ba ne. 30 na PSI kilo 2 ne da ɗan kaɗan. Wanda ya yi lodin buhunan gero da wannan lissafi, ya hau godoro da taya mai ƙarancin iska bai sani ba. Ma'auni mai ƙidaya biyu, kilo da PSI tare, shi ya fi amfani ga mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ko Damagaram da Kano. Sai dai a tabbata lambobin suna karantuwa, ba su cuɗe da juna ba.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko kamar alƙalami yake. In an danna shi bisa bakin iska, wani ɗan sanda mai lambobi ya fito ta ƙasa. Yana da araha, ba ya son batir. Aibinsa ƙura. In ƙura ta shiga, sandan ya riƙa cijewa, ya faɗi abin da ba shi ba. Lambobinsa ƙanana ne, kuma suna gogewa. Ya isa a ajiye shi na ko-ta-kwana.

Na biyu kamar agogo yake, da allura mai juyawa. Cikinsa akwai wani ɗan bututu lanƙwasasshe. In iska ta shiga, bututun ya nemi miƙewa, ya ja allura. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ya fito da wannan dabara a shekarar 1849, har yau da ita ake aiki. Ba ya son batir, ana karanta shi da sauƙi. Abin da ba ya so shi ne faɗuwa. Faɗuwa ɗaya bisa ƙarfe ko dutse tana iya karkata kayan cikinsa, ya ci gaba da aiki amma da ƙarya.

Na uku shi ne mai rubuta lamba bisa ɗan gilashi, kamar wayar salula. Mai kyau daga cikinsu yana faɗin gaskiya ƙwarai, kuma ba sai an ƙidaya zane ba. Amma da batir yake aiki. Ranar da batir ya mutu cikin daji, babu awo. Zafin rana kuma yana ɓata gilashinsa da batirinsa. Wanda ya saye shi, ya sayi batir na ajiya tun a gari.

Ga motar da ke kwana a ƙauye, nesa da kanti, mai kama da agogo shi ya fi dacewa.

Abin da ya fi komi: inda lambarsa ta tsaya

Nan mutane da yawa ke faɗawa. Mai saye ya ga ma'auni babba, lambarsa ta kai kilo 10 ko 11, ya ce wannan shi ne mai ƙarfi. Wannan na manyan motocin kaya ne, masu shan iska kilo 7 ko 8. Bai dace da kat-kat ba. Wanda ke son awon zinariya ba ya ɗaukar sikelin buhu.

Ga dalili. Fuskar agogon girmanta ɗaya ne. In an raba ta gida 11, kilo 1 da kilo 1 da rabi suna manne da juna can farkon fuska, kaurin allura kaɗai ya kusa rufe su. Wasu ma ba su fara ƙidaya sai daga 10 ko 20 na PSI. In an raba fuskar gida 4, kowane kilo ya sami fili, ana ganin 1,2 dabam, 1,4 dabam. Ban da haka, irin wannan ma'auni ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuskarsa, ba a bakin farko ko na ƙarshe ba.

Saboda haka a nemi wanda ya fara daga 0 ya tsaya kilo 4, wato kusan PSI 60. Tsakiyarsa kilo 2 ce. Yana karanta iskar godoro, yana karanta ta rairayi. A duba kuma zanen da ke tsakanin lambobi: kowane kilo ya rabu gida 10.

Akwai togiya guda. Wasu motoci masu buɗaɗɗen baya, irin Toyota Land Cruiser mai ɗaukar kaya, tayoyinsu na baya suna iya son fiye da kilo 4 in an yi cikakken lodi. Mai irin wannan mota ya nemi wanda ya kai kilo 6 ko 7, ko ya riƙe biyu, babba da ƙarami. Kada a danna ƙaramin ma'auni bisa tayar da ta fi ƙarfinsa. Yana lalacewa.

Sauran abubuwan dubawa

Allura ta kwanta daidai bisa 0 tun ba a taɓa shi ba. In ta ɗaga ko kaɗan, a bar shi. A so mai rigar roba kewaye da agogon, saboda faɗuwa. A so mai ɗan tiyo, don bakin iska na wasu tayoyi yana lungu, agogo ba ya shiga. Kan da ke kama bakin iska ya zama na ƙarfe, da ƴar roba mai laushi ciki.

Akwai masu ɗan maɓalli a gefe na sakin iska. Wannan babban taimako ne ga motar rairayi. Shofer yana rage iska yana duban allura, har ta zo inda yake so. Ya fi a riƙa tsokanar bakin iska da tsinke ko ƙusa ana ƙidaya a ka. Wasu kuma allurarsu tana tsayawa bayan an cire, sai an danna maɓalli ta koma. Da dare, ana iya kai shi gaban fitila a karanta.

A gwada kafin a biya

Kada a saya cikin leda a tafi. A nemi taya nan kusa, a auna ta sau uku. In ya faɗi lamba ɗaya duk sau ukun, ya ci jarrabawar farko. In ya ce 2,2, ya ce 2,6, ya dawo 2, a mayar wa mai kanti. A saurara kuma: in iska tana ta huci ta gefen kansa bayan an danna shi sosai, robarsa ba ta kamawa.

Faɗin lamba ɗaya bai isa ba, don maƙaryaci ma yana iya tsayawa bisa magana ɗaya. A gwama shi da wasu biyu bisa taya guda. In biyu sun yarda da juna, na uku ya yi nisa da su, an gane mai laifi. Ma'aunin da ke jikin injin mai gyaran taya ba alƙali ba ne. Yana faɗuwa ƙasa kullum, yana shan rana da ƙura.

Ƙungiyar gari ko kwamitin likita da ke da mota, su sa mai karatu cikin masu zuwa saye. Shi zai bambanta kilo da PSI.

Yadda ake aiki da shi

Iskar da ta dace da mota tana rubuce bisa wata ƴar takarda manne a jikin ƙofar shofer, ko cikin littafin motar. Sau da yawa lamba biyu ce: ta mota marar kaya da ta mai lodi. Lambar da ke gefen taya ba ita ba ce. Waccan iyaka ce da ba a wucewa.

Ana auna iskar godoro da safe, taya na sanyi, ko bayan mota ta huta awa 3. Tafiya tana zafafa taya, lamba ta hau da 0,2 ko 0,3. Wannan ba laifi ba ne. Kada a rage iskar taya mai zafi don a ga lambar safe. In ta huce za ta kasa.

A bakin rairayi a tsaya, a rage duka huɗun. Ta dama da ta hagu su zama daidai. Daga nan tafiya sannu, ba karya kwana da ƙarfi. A yi hattara da kututture da ƙayar aduwa, don gefen taya ya buɗe, nan ne kuma ya fi rauni.

Da an fito bisa hanya mai tauri, a mayar da iska kafin a yi gudu. Taya mai kilo 1 da rabi in ta yi gudu bisa godoro da lodi, gefenta yana ta lanƙwasa yana zafi har ta fashe, balle cikin watan Afrilu da Mayu. Ke nan ma'auni ba ya tafiya shi kaɗai, sai da famfon iska, na ƙafa ko na batirin mota.

Bayan aiki a sa shi cikin jakarsa ko tsumma mai tsabta. Ba a jefa shi cikin akwatin ƙarafa, ba a barin shi gaban gilashin mota cikin rana. A mayar da murfin bakin iska na kowace taya, don rairayi kada ya shiga. Tayar ajiya ita ma a auna ta ko da sau ɗaya a wata. Ma'aunin nan guda yana auna tayar babur da ta amalanke mai ƙafar mota, don bakin iskarsu iri ɗaya ne.