Ƙofar Mota Ta Lotsa

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Sokode da Dapaong. Motoci suna cunkoso a tashoshinsu. Wani lokaci babur yakan bugi ƙofar mota, ta lotsa.

In fenti bai tsage ba, ba sai an sake shi ba. Mai gyara yakan cire marfin ƙofar na ciki. Ya haska fitila don ya ga lotsawar sosai. Sai ya zura sandar ƙarfe, yana turowa kaɗan-kaɗan, har wurin ya koma daidai.

In ya yi gaggawa, fenti ya tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ƙofar. Direba ya yi asara.

Yara, me ya sa mai gyara ba ya gaggawa?